Yadda Ake Yin Gawayi da Totuwar Masara da Tarkacen Gona Ba Tare da An Sare Itace Ba

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua ko Zango a ƙarshen bazara, lokacin sharar gona, ya san yadda hayaƙi yake kwantawa a kan gonaki da yamma. An tattara tushiya da sassaben sabara da duk abin da dabbobi suka rage, an cinna masa wuta, kafin gari ya waye ya zama toka iska ta kwashe. A cikin gari kuwa magidanci yana can yana ciniki da mai gawayi a kan buhun da sai da aka sare kirya ko marke a wani daji mai nisa kafin a cika shi. Abin da aka ƙone a banza a gona da abin da aka saya da tsada a gari asalinsu ɗaya ne, yadda aka bi da wutar ne kawai ya bambanta.

Na daɗe ina yin dunƙulen gawayi da tarkacen gona a nan Daura, da shi ake girki a gidana, kuma na koya wa matasa da mata da dama. Aikin ba ya buƙatar lantarki ko wani inji daga waje. Amma akwai wurare biyu da masu farawa suka fi faɗuwa, wato lokacin kashe wuta da wajen shanya, a kansu zan fi tsayawa.

Abin da ya sa na damu da wannan aiki ba ragin kuɗin cefane kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Mun san masu shaƙarsa a wurinmu: uwargida a bakin murhu da yaron da ke goye a bayanta. Ga kuma daji. A yin gawayi irin na gargajiya sai an ci itace kilo 5 zuwa 10 kafin a samu gawayi kilo 1. Katsina tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, shirin dashen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada, kuma mu da muke bakin iyakar Nijar ba sai an ba mu labarin yadda rairayi yake cin gona ba. Ba za a yi ta dashe a Baure da Sandamu muna bi ta baya muna sarewa a ce an ci gaba ba.

Gaskiya ɗaya kuma: gas da lantarki sun fi kowane irin gawayi tsabta ga huhu. Wanda yake da halinsu ya riƙe su. Wannan bayani na gidajen da itace da gawayi suka zame musu dole ne, kuma su ne mafi yawa.

ABIN DA YA KAMATA KA SANI KAFIN KA ƘYASTA ASHANA

Kara ko totuwa ko itace abu uku ne a haɗe: ruwa, da wasu iskoki masu kama wuta, da baƙin sinadarin da ake kira kabon, wanda shi ne gawayin. Idan zafi ya shige su, ruwan ne yake fara fita, shi ne farin hayaƙi. Sai iskokin su biyo baya, su ne hayaƙin nan mai kauri ruwan ɗorawa mai yaji a ido. Abin da ya rage gawayi ne, in kuwa aka bar iska tana shigarsa, shi ma sai ya cinye ya zama toka. Aikinka gaba ɗaya shi ne ka kori na farko, ka ƙone na biyu, ka tsare na uku.

Hayaƙi mai kaurin nan makamashi ne da bai ƙone ba. A cikinsa akwai iskar metan da baƙar kunkunniya, dukansu suna ƙara ɗumamar duniya. Shi ya sa a wannan hanya ake kunna wuta daga saman ganga, ba daga ƙasa ba: duk hayaƙin da ya taso sai ya ratsa ta cikin harshen wuta ya ƙone kafin ya fita. Sannan kabon da ke cikin totuwa, masara ce ta zuƙe shi daga iska a daminar bana, ta baɗi kuma za ta sake zuƙa. Na cikin kirya shekaru masu yawa aka yi ana tara shi, kuma in ta faɗi babu mai mayar da shi nan kusa.

KAYAN AIKI

- Gangar ƙarfe mai lita 200. Mai buɗaɗɗen baki da murfinta ta fi sauƙin aiki. In mai rufaffen baki ka samu, mai walda ya yanke saman, ya kuma yanko maka faifan ƙarfe da ya ɗara bakin faɗi don ya zama murfi.
- Bututun hayaƙi, tsawon mita 1, faɗin baki kamar santimita 20. Fallen kwanon rufi da aka nannaɗe aka ɗaure da waya ya wadatar.
- Guntayen rodi 2 da suka fi bakin gangar tsawo, da duwatsu ko bulo 3.
- Shebur, bokitin ruwa, tulin ƙasa, da kwaɓaɓɓiyar laka.
- Turmi da taɓarya da aka ware wa wannan aiki, don ba za su koma wa dakan abinci ba. Da rariya ta waya.
- Tukunya, muciya, da babban baho na kwaɓi.
- Garin rogo, wato alabo, ko sitaci.
- Abin matsa: guntun bututun ƙarfe mai faɗin inci 2, tsawon santimita 12, da ƙarfe mai faifai a kai wanda zai shige cikinsa daidai, da guduma. Kowane mai walda zai haɗa maka shi da ragowar ƙarafan shagonsa.
- Takunkumin rufe hanci da baki, safar hannu mai kauri, da takalmi rufaffe.

Gargaɗi a kan ganga, kuma ba na wasa ba ne. Gangar da aka taɓa zuba fetur ko wani mai a ciki tana iya fashewa idan wutar walda ta taɓa ta, ko da ta daɗe babu komai a ciki, domin tururin man yana nan. A wanke ta da ruwa da omo, a cika ta da ruwa, sannan a yanka. Wadda aka zuba maganin feshi ko gubar ƙwari kuwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

ABIN DA ZA KA ƘONA DA WANDA ZA KA BARI

A nan nake saɓawa da masu cewa duk abin da gona ta bari shara ne. A ƙasar Daura karan dawa da na gero ba shara ba ne. Abincin dabbobi ne a rani, da shi ake danga da zana da rufin rumbu. Harawa da karmami ma ba a maganarsu. Kuma gonar da aka kwashe ta ƙarƙaf aka bar ta tsirara, iskar bazara ce take ɗebe ƙasarta ta sama. Don haka ka bar wa dabbobi nasu, ka bar wa gona abin da zai rufe ta, ka ɗauki wanda dama wuta ce makomarsa.

Totuwar masara ita ce gaba: tana da nauyi, iska tana ratsa tsakaninta, gawayinta yana da ƙarfi. Bayan kaka za ka same ta jibge a inda ake ɓarzar masara da inji. Sai ɓawon gyaɗa, da karan riɗi, da karan auduga ga mutanen wajen Funtua da Malumfashi, wanda kusan itace ne. Tushiyar dawa da gero tana yi, amma sai an kakkaɓe ƙasar jikinta sosai. Sassaben sabara da kalgo da geza da ake yi kafin shuka shi ma yana da kyau idan ya bushe. Buntun shinkafa da garin katako suna da tasu hanyar, zan zo kanta. Akwai kuma garin gawayin da yake taruwa a ƙasan buhu a wurin masu sayarwa: wannan ya riga ya ƙone, daka da tankaɗe kawai yake jira, kuma haɗa shi da na totuwa yana ƙara wa dunƙule ƙarfin wuta.

Leda, roba, tsumma, katako mai fenti, kada ko ɗaya ya shiga ganga.

MATAKAN AIKI

1. Shirya ganga. A huda gindinta ramuka 30 zuwa 40, kowanne kaurin babban yatsa, a warwatsa su ko'ina. A tsakiyar murfi a yanka rami daidai bakin bututun hayaƙi, a ajiye faifan da aka cire ko wani guntun ƙarfe don toshewa daga baya. In gangar tana da fenti, ka fara cinna mata wutar kara a fili ita kaɗai har fentin ya ƙone, kana nesa da hayaƙin.

2. Busar da kaya ka daidaita girmansu. Totuwa ta sha rana har sai ta karye da ƙara, kara kuma a sassare shi tsawon taƙi ɗaya. Ɗanyen kaya shi ne tushen yawancin hayaƙi, kuma yana kashe wuta a tsakiyar aiki. Kar ka cuɗa manyan itatuwa da ƙananan kaya a zubi ɗaya, domin kafin babba ya nuna ƙarami ya zama toka.

3. Zaɓi wuri ka loda. Fili ne ake so, nesa da rumbu da danga da tarin harawa, da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta. Ranar da hunturu yake bugawa da ƙarfi ka haƙura. Ɗora gangar a kan duwatsu 3, tsakaninta da ƙasa kamar yatsu uku. Zuba kaya kana girgiza gangar don su zauna, amma kar ka danna da ƙafa, iska tana buƙatar hanya. Ka bar kamar taƙi ɗaya daga baki. A kai ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ƙananan ƙirare. Ruwa da shebur da laka su kasance a gefenka tun yanzu, ba sai wuta ta kama ka shiga nema ba. Yara su koma gefe.

4. Kunna daga sama. Cinna wa ciyawar wuta a wurare uku ko huɗu, ba kananzir, ba leda. Ka bari sai wutar ta game fuskar kayan gaba ɗaya, abin da yakan ɗauki mintoci kaɗan. Sannan ka gitta rodi 2 a bakin gangar, ka ɗora murfi a kansu, ka kafa bututu. Wannan 'yar tazara da rodi ya bari tsakanin murfi da baki ita ce sirrin abin: ta nan sabuwar iska take shiga ta haɗu da hayaƙi ya kama da wuta. Idan komai ya yi daidai za ka ji gangar tana gurnani a hankali, ka ga zafi yana rawa a bakin bututu, hayaƙi kuwa kaɗan ne ko babu.

Idan ka ga hayaƙi mai kauri yana tuƙuƙi, wutar sama ce ta mutu. Kunna tsinken ciyawa ka miƙa ta tazarar murfi daga gefe, fuskarka a nesa, domin yakan kama bal lokaci ɗaya. In ya ƙi kamawa, ko kayan da danshi ko ka cusa su da yawa. In kuma wuta tana tashi da ƙarfi har gangar tana yin ja, iskar ƙasa ta yi yawa, sai ka tura ƙasa ka rage tazarar gindi.

5. Bi wutar har ƙasa, ka kashe ta a kan lokaci. Wannan shi ne matakin da yake raba mai gawayi da mai toka. Wutar tana sauka ne a hankali daga sama zuwa ƙasa, tana barin gawayi a bayanta. Gawayin da ke sama ba ya cinyewa, saboda iskar da ke tasowa daga gindi wutar da ke ƙasa ta riga ta cinye ƙarfinta kafin ta iso shi. Amma da zarar wutar ta kai gindi babu sauran ɗanyen kaya, sai iska ta koma kan gawayin kansa. Daga wannan lokaci kowane minti hasara ne.

Ga yadda za ka san inda take. Tsoma hannu a ruwa ka yarfa wa jikin gangar. Inda ruwan ya yi cuu ya bushe nan take, wuta ta iso nan. Inda ya gangara, ba ta iso ba. Ka riƙa yi kana bin ta ƙasa. Alamomi uku ne suke nuna an gama: ruwa ya ƙone a can gindi, ka leƙa ƙarƙashi ka ga ja a ramukan, harshen wutar sama kuma ya rage tsawo ya koma shuɗi-shuɗi. Gangar totuwa takan ɗauki wajen awa ɗaya, ta kara ba ta kai haka ba. Amma kar ka dogara da agogo, bushewar kaya da ƙarfin iska suna canja lissafi. Kuma kar ka tafi ko'ina. Mutane da yawa sun tafi sallar magariba ko amsa sallama sun dawo sun tarar da farar toka. Ka tsara lokacinka yadda aikin ba zai ci karo da salla ba, ko ku zama ku biyu.

Da alamomin sun cika, ka sa safar hannu ka yi waɗannan a jere da sauri: tura ƙasa da shebur ka rufe gindin gangar zagaye, sauke bututu, zare rodi murfi ya zauna, toshe ramin tsakiya da faifan ƙarfe, sannan ka bi bakin murfi da laka. Duk inda ka ga siririn hayaƙi yana fita, iska tana shiga ta nan, ka liƙe shi.

6. Bar ta ta huce. Awa 3 ne mafi ƙaranci, kwana ya fi. Gawayi mai zafi yana ganin iska zai sake kamawa. Sai ka dafa jikin gangar ko'ina ka ji sanyi sannan ka buɗe. Juye a ƙasa, ka baza, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka bar shi a fili na wasu awoyi kafin ya shiga buhu. Garwashi ɗaya da ya ɓuya ya isa ya cinye buhu, ya haɗa da ɗakin da aka ajiye shi. Wanda yake da wadatar ruwa yana iya tsallake liƙewa da laka ya kwarara ruwa a gangar kai tsaye, sai dai gangar ba za ta yi ƙarko ba, tsatsa za ta ci gindinta.

Karya totuwa ɗaya ka duba. Baƙa wuluk har ciki, mara nauyi, mai karyewa ƙaras, ta nuna. Mai ja-ja a tsakiya ba ta nuna ba, ka ware ta ka sa a zubi na gaba, domin ita ce za ta yi hayaƙi a murhu. Abin da za ka samu yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na nauyin abin da ka zuba.

7. Daka da tankaɗe. Yayyafa ruwa ya ɗan yi danshi, sa takunkumi, ka daka. Ƙurar gawayi ba abin shaƙa ba ce. In babu turmi, zuba a buhu ka ɗaure ka bubbuga da kulki. Tankaɗe yadda babu abin da ya wuce ƙwayar gero girma, ka mayar da tsakin turmi. In ka ji yashi a hannu, musamman a na tushiya, ka sheƙe shi, yashi ba ya ci da wuta.

8. Dama talge ka kwaɓa. Ma'aunin da nake bi shi ne mudu 1 na alabo ga mudu 20 na garin gawayi. Ka dama alabon da ruwan sanyi kaɗan, ka zuba a cikin tafasasshen ruwa kamar mudu 8 kana juyawa da muciya har ya yi kauri ya yi yauƙi. Ɗanyen gari ba ya kama komai, dahuwar ce take fito da danƙonsa. Tun da ɗuminsa ka zuba a garin gawayi ka cuɗa sosai har babu busasshen wuri. Gwaji: damƙi cikin hannu ka matse. In ya tsaya a dunƙule, danshi kaɗan ya fito tsakanin yatsu, ya yi. In ruwa yana ɗiga, ƙara gari. In ya wargaje, ƙara ruwa kaɗan, in bai kama ba ka ƙara talge. Talge in ya yi yawa dunƙulen yana hayaƙi, kuma ka kashe kuɗi a banza.

Ba sai alabo mai kyau ba. Wanda ya tsufa ko ƙwari suka shiga, da sharar gari ta wurin injin niƙa, duk suna yi, kuma na fi son su don ba a taɓa abincin mutane ba. In babu rogo sam, ƙaro da aka jiƙa ya kwana yana kamawa ƙwarai, sai dai tsada, don haka a nemi baƙi-baƙin da 'yan kasuwa suka tsince suka ware. Mafi arha shi ne yumɓu ko ƙasar suri: mudu 1 ga mudu 12 zuwa 15 na gari, a jiƙa a tace tsakuwa. Dunƙulen yumɓu yana daɗewa yana ci amma wutarsa ba ta da kaifi, tokarsa kuma da yawa. Rabin talge rabin yumɓu ya fi kowannensu shi kaɗai ga mai son sauƙin kuɗi.

9. Matsa. Tsayar da bututun a kan faifan ƙarfe ko dutse mai santsi, cika shi da kwaɓi, sa ƙarfen matsi ka buga da guduma sau uku ko huɗu, sannan ka ɗaga bututun ka turo dunƙulen waje. In mai walda ya kafa maka siririn rodi a tsakiyar faifan ƙasa, ya kuma huda na matsin, dunƙulen zai fito da rami a tsakiya, wanda yake sa shi saurin bushewa da saurin kamawa. In babu abin matsa, a dunƙula da hannu kamar ƙwallon fura, a matse iya ƙarfi. Yana yi, amma bai kai na guduma daɗewa a wuta ba, kuma ya fi saurin farfashewa a buhu.

10. Shanya. A nan ne gaggawa take ɓata aikin da aka sha wahalarsa. Jera su a kan tabarmar kaba ko zana ko ragar waya da aka ɗaga daga ƙasa, kada su taɓa juna. Ranar farko a inuwa mai iska. In ka kai su rana mai zafi ko busasshiyar iskar hunturu tun suna jiƙe, bayan yana bushewa ya ƙanƙance alhali cikin da ruwa, sai su tsattsage. Daga rana ta biyu a fitar da su rana, ana juyawa, ana rufewa ko shigarwa da dare. A rani kwana 3 zuwa 5 ya isa. Da damina yakan kai mako ko fiye, ga fumfuna tana bin talge, shi ya sa na fi son a yi na shekara tsakanin kaka da bazara a tara.

Bayan dunƙule yana ruɗi, kar ka yarda da shi. Fasa ɗaya biyu ka taɓa tsakiyar: in da sanyi-sanyi ko ya fi bayan duhu, da saura. Sannan ka saki ɗaya daga daidai ƙugunka a kan ƙasa mai tauri. In ya tsaya ko ya rabu biyu, ya yi. In ya zama gari, talge ko matsi ya gaza, ka mayar da su baho ka sake kwaɓawa, babu abin da ya lalace. Busassu a zuba a buhu a ɗora a kan katako, nesa da danshi.

11. Girki da shi. Jera dunƙule a kurfoti da 'yar tazara, ka kunna da ƙirare ko guntun kara, ka fifita. Ya fi gawayin itace jinkirin kamawa, amma in ya kama wutarsa tana tafiya daidai, ba ya tartsatsi, ya dace da wake da tuwo da duk abin da yake son doguwar wuta. Kar a riƙa tona shi ko girgiza murhu, zai ruguje. A dai kaɗe tokar ƙasa don iska ta samu hanya. In an gama girki da saura, kar a zuba ruwa, talgen zai narke. A kwashe a gwangwani mai murfi a rufe, zai mutu da kansa a sake amfani da shi gobe.

Rashin hayaƙi ba ya nufin rashin haɗari. Kowane gawayi, har da wannan, yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum yana barci. A yi girki a tsakar gida ko a madafa mai taga a buɗe. Da sanyin hunturu kada a shigar da kasko ɗaki a rufe ƙofa a kwanta, ko da garwashin ya yi ja ya daina hayaƙi. Wanda ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya kusa da wuta, a fitar da shi iska nan take a kai shi asibiti.

IDAN BABU GANGA, KO KAYAN MASU LAUSHI NE

Wanda ba shi da ganga ya haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, faɗi kamar mita 1, zurfi ya kai gwiwa ko ya ɗara. Kunna ƙaramar wuta a gindin. In ta yi garwashi, shimfiɗa kaya kaɗan a kai. Da ka ga farar toka ta fara bayyana a samansu, ƙara wani shimfiɗin. Harshen wutar da ke sama shi ne murfi, shi yake hana iska isa ga gawayin ƙasa, yana kuma cinye hayaƙi. Kar ka jibga da yawa lokaci ɗaya ka danne harshen. In ramin ya cika, kashe da ruwa, ko ka rufe da fallen kwano ka bi da ƙasa. Wannan hanya ta fi dacewa da sassabe da dogayen kara, kuma a gona ake yinta ba sai an yi dako ba.

Buntun shinkafa da garin katako suna toshe iska a ganga. Su kuwa sai ka samu babban gwangwani ka huhhuda jikinsa, ka kafa masa bututu a kai, ka kunna wuta a cikinsa, ka tula buntun a kewaye har ya rufe gwangwanin. Duk inda baƙi ya ɓullo a jikin tulin ka rufe da na gefe. In duk ya yi baƙi, baza ka kashe da ruwa. Gawayin buntu toka gare shi da yawa, kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kwaɓinka. In ya yi maka yawa, cuɗa shi da takin dabbobi ya yi makonni kafin a kai gona: yana taimaka wa ƙasa mai rairayi riƙe danshi, kuma kabon ɗinsa yana daɗewa a binne bai koma iska ba. Ɓawon gyaɗa yana shiga ganga in aka gauraya shi da totuwa.

Mai niyyar sayarwa ya fara da masu shayi da masu gasa masara da masu tuyar ƙosai, su ne suke son wuta mai daɗewa kuma suke saye kullum. Ka ba su kaɗan su gwada, ka tsaya ka kunna musu na farko da hannunka, ka gaya musu kada su tona shi kuma kada ruwa ya taɓa shi. Kar ka kai kasuwa sai kowane zubi ya ci gwajin fasawa da na saki.